Laraba Bakwai a Ɗakin Malama Nafisa

Ni dai magani na je karɓowa. Gara in faɗi wannan tun farko, don kada a ɗauka na san inda na dosa ranar da muka hau mota daga Bungudu zuwa Gusau, ni da babbar ɗiyata. Na ɗauka za a ɗora mata abin nan da likitoci ke ɗorawa a ƙirji, a rubuta ƙwayoyi, a ce safe da yamma bayan an ci abinci, mu juyo gida. Har leda na saka a jaka don in zubo maganin.

Abin ya faro ne da kaka, lokacin roron wake. Muna gona da hantsi, mata da yara, sai muka ji ƙarar babura da yawa, sannan harbi daga wajen gari. Kowa ya san ko su waye, ba sai an tsaya tambaya ba. Na sungumi autata Safiya, na fizgi hannun ɗana Mannir, muka bi sauran mata muka faɗa cikin kwazazzabo. Ita babbar ba ta kusa, don na aike ta cikin dawa ta ɗauko goran ruwan da muka ajiye a inuwa. Sai bayan la'asar babanta ya gano ta kwance tsakanin kara, ta rufe kanta da zane. Ko ƙwarzane babu a jikinta. Bayan kwana uku muka kwashe abin da ya rage muka baro ƙauyen, muka samu ɗaki ɗaya a gidan wani ɗan'uwan babansu a cikin Bungudu.

Tun daga ranar bakinta ya mutu. Ba wai ta zama bebiya ba, don nakan ji tana yi wa Mannir raɗa, kuma takan amsa wa babanta da "to". Ni ce dai ta daina kulawa. In na miƙa mata tuwo, sai ta jira na ajiye kwanon a ƙasa sannan ta ɗauka. In babur ya wuce ta ƙofar gida, sai ta shige ƙarƙashin gado. Yarinya mai shekara goma, wadda a da sai na ce ta yi mana shiru kunnuwanmu su huta. An yi rubutu ta sha, an yi hayaƙi, an kai ta wurin malami ya yi mata tofi. Wata biyar muna abu ɗaya.

Sai surukata, Inna Mairo, ta aiko daga Tsafe cewa kafin ruwan farko ya sauka za ta zo ta ɗauke yarinyar ta riƙe ta, ko canjin wuri zai yi mata amfani. Ba mugunta ba ce, Inna tana son jikarta. Kuma ba ni da bakin cewa a'a. 'Yar fari ce. A wajenmu mace ba ta nuna ta damu da ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta kama sunansa, balle ta buɗe baki ta ce wa uwar mijinta a bar mata shi. Na ce "Allah ya kai mu", na shiga bayan ɗaki na yi kukana. Na san in ta tafi Tsafe a haka, ba ta yi mini magana ba, to ta tafi ke nan.

Yayata Talatu, wadda ke ɗinki a Gusau, ita ta kawo zancen wata malama a wani ƙaramin asibiti, mai zama da yaran da suka ga tashin hankali. Ta ce duk Laraba ake zuwa. Ita ta tarye mu a tasha, ta kama hannun yarinyar muka taka da ƙafa, don ko kusa da ɗan acaɓa yarinyar ba ta yarda a je ba, ga Gusau kuwa babura kamar su hau kan mutum.

Ɗakin ya ba ni haushi tun daga ƙofa. Babu gado, babu warin allura. Tabarma ce shimfiɗe, da wani kwali cike da fensir masu launi da 'yan tsana da curin laka. Malamar kanta, Nafisa, 'yar siririya ce da tabarau, ban ga alamar ta taɓa goyo ba. Ta zauna a tabarma kamar mu, ta gaishe ni, ta gaishe da yarinyar ba ta damu da rashin amsawa ba, sannan ta ɗauki takarda.

"Mi as sunanta?"

Na dubi Yaya Talatu. Ita ta faɗi sunan. Malama ta ɗan dube ni ta saman tabarau, ta rubuta. Ta yi ta tambayoyi, yadda take cin abinci, da wa take wasa, me ke firgita ta. Daga nan ta ce Yaya ta fita da yarinyar ta sayo mata ƙosai, ta juyo gare ni.

"Malama Shafa'atu, bari in hwaɗa maki yadda aikin ga yake, don kada ki ga kamar ana ɓata maki lokaci. Ba zan ba ta magani ba yau, wataƙila ma har mu gama. Zama za mu riƙa yi, ni da ita, mu yi wasa, mu yi zane. Ba zan matsa mata ta yi magana ba. Zai ɗau lokaci, kuma wata rana za ki ga kamar abin ƙaruwa yake yi, kada ki tsorata. Addu'a da kuke yi ku ci gaba. Sannan abin da ta hwaɗa mani a ɗakin ga, ba zan kwashe in kawo maki ba, sai in ita ta yarda, ko in na ga abin da zai cutar da ita."

Wannan na ƙarshen bai yi mini daɗi ba. Yarinyar da na yi naƙudarta kwana biyu, wai wata za ta ji cikinta ni a rufe ni. Na ce "to" a baki kawai. A mota muna komawa na lalubo ledar nan a jaka, na ji kamar in jefar da ita ta taga.

Laraba ta biyu da ta uku a benci na yi su, a waje, ina leƙe ta taga kamar mai jiran a sallame ta daga niƙa. Abin da na gani bai wuce wannan ba: yarinyar tana murza laka, Malama tana murza tata. In ta tura mata fensir ta ƙi ɗauka, sai ta bar shi a nan. Da suka fito na tare ta.

"Malama, mi tac ce?"

"Ba ta ce komi ba. Amma ta gina shanu huɗu, kuma yau ita ta zaɓi inda za ta zauna."

Da na kai wa babansu wannan rahoto, sai ya yi dariya ya ce laka ce ta ƙare a Bungudu da sai an je Gusau nemanta? Ban ga laifinsa ba. Ni ma abin da ke raina ke nan, ya riga ni faɗi ne kawai.

A mako na huɗu abin ya rikice. Yarinyar da ke laɓewa a lungu ta fara ɗaukar kwano tana jifa da shi. Ta mari Mannir a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wata rana da rana tsaka ta zauna a tsakar gida ta yi ta kuka da ƙarfi har matan gidan suka fito suna salati. Na je ranar Laraba da niyyar in ce an gode, Allah ya saka da alheri, mun fasa. Na faɗa kuwa, ban rage komai ba, har da cewa da shirunta ya fi mana wannan.

Malama ta bar ni na gama tas. Ta ce ta san da wuya, kuma ba ta ce ban yi gaskiya ba. Ta ce abin da ya daɗe a danne ne ya fara motsi, kuma yaro ba ya fito da irin wannan sai ya fara jin akwai wanda zai iya ɗauka. Sannan ta ba ni aiki, ni da na zo a ba ni magani. Wai kullum bayan la'asar in zauna kusa da ita na ɗan lokaci, in kawo wani aikin hannu, kada in tambaye ta komai, kada in aike ta, kada in yi mata faɗa.

Ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba, kuma na yi daka da tsohon ciki. Sai da na zauna na gane cewa tun da na yaye ta, duk maganar da ke tsakaninmu aike ce. Ke ɗauko, ke kai, ke goya ƙanwarki. Da aka hana ni aike sai na rasa abin cewa. Na riƙa kawo faifai ina tsince wake, tana can gefen tabarma ta ba ni baya. A kwana na biyar ta miƙo hannu ba ta dube ni ba, ta cire wata tsakuwa da ta wuce mini, ta jefar. Ranar har gishiri na manta ban sa a miya ba.

Laraba ta biyar Malama ta ce ni take son gani, ni kaɗai. Ta ce in ba ta labarin ranar gona, yadda ni na gan ta. Na fara ina taƙaitawa yadda na saba, sai ta ce, "Bayan kun shiga kwazazzabo hwa?" A nan na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da na ajiye ƙananan a hannun maƙwabciyata, na fito na koma cikin dawar, ana harbi. Na yi ta kutsawa ina kira, kara yana yanka mini ƙafa, ban gan ta ba. Mata biyu suka biyo ni suka ja ni. Na ƙwace na sake komawa, sai da suka danne ni a ƙasa, ɗaya ta toshe mini baki don kada a ji mu. Daga baya matan suka yi shiru da zancen don su rufa mini asiri, kada a ce Shafa'atu ta haukace a kan 'yar fari.

"Ita ta san kin koma?"

"Haba Malama. Da wane baki zan hwaɗa mata?"

Ta miƙo mini ruwa a kofi, ta bar ni na yi kukan da ban samu wurin yi ba a ɗaki ɗaya da mutum biyar. Ba ta ce mini in yi kaza ba. Ta ce dai ni ma na ga abin da yarinyar ta gani, kuma ni ma ba wanda ya tambaye ni.

Laraba ta shida ta wuce kamar sauran, ina benci, sai dai na hango bakin yarinyar yana motsi, Malama ta sunkuyar da kai tana saurare. Kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. A Laraba ta bakwai, bayan sun ɗan jima a ciki, Malama ta leƙo ta ce in shigo, wai akwai abin da ɗiyata ta yarda in gani.

A tsakiyar tabarma an jera mutanen laka. Babba ɗaya, da ƙanana biyu manne da ita. Can nesa, a bakin tabarma, wata ƙarama ita kaɗai, an rufe ta da guntun takarda. Ban buƙaci a yi mini bayani ba. Na zauna. Malama ta ce wa yarinyar a hankali, "Ke za ki hwaɗa, ko ni in hwaɗa?" Yarinyar ta daɗe tana murza bakin hijabinta. Da muryar ta fito, a dishe take, kuma laka take kallo.

"Ina jin ki. Kin kira Mannir. Kin kira Safiya. Ni ba ki kira ni ba."

Na ce, "Na kira ki! Wallahi na kira ki, har muryata ta tahi!"

"'Ke' kinka ce. Ke, ke, ina kike. Kowa na ta cewa ke." Ba ta ɗago kai ba. "Na jira in ji sunana in hito. Ban ji ba. Na ce ko su kaɗai kike nema."

Wata bakwai ke nan yarinyar nan tana ɗauke da wannan a cikinta, tana ganina ina tuƙa tuwo, tana tunanin na ƙirga 'ya'yana a ranar mutuwa na tsallake ta. Ni kuma ina cikin dawa, ana harbi, hankalina ya fita daga jikina, amma harshena bai manta da kunya ba. Shekara goma bai taɓa furta sunan ba, ranar ma bai san hanya ba. Ban taɓa jin tsanar kaina irin ta wannan lokacin ba.

Na dubi Malama ko za ta cece ni, sai na ga ta ja da baya ta jingina da bango, ta bar mu. Na buɗe baki, sunan ya tsaya. Na sake gwadawa.

"Halimatu." Ya fito a karkace, kamar bakin wata. "Halimatu Sadiya. Ke nike nema. Sau biyu na koma cikin dawar, sai da anka danne ni."

Ba ta faɗo jikina ba, ba ta yi kuka ba, kada in yi ƙarya. Ta dai ɗago ta dube ni a ido, abin da ba ta yi ba tun kaka. Ta sa hannu ta cire takardar daga kan 'yar lakar, ta riƙe ta a tafin hannu, ba ta kai ta wurin sauran ba.

Da za mu tafi Malama ta ce kada in ɗauka an gama, za mu ci gaba da zuwa, kuma tsoron babur ba zai tafi a rana ɗaya ba. Na gaya mata zancen Tsafe, na roƙe ta ko za ta rubuta takarda in kai wa Inna, a ce asibiti ne ya hana. Ta girgiza kai.

"In kin tambaye ni, yanzu ba lokacin raba ku ba ne, kuma in Inna ta zo nan zan hwaɗa mata haka. Amma ba ni zan yanke maku ba. Kuma ina ganin ba daga takarda yarinyar ga ke son ta ji ba."

Inna ta iso ranar Juma'a da hantsi, hadari yana haɗuwa ta gabas. Ta zo da ƙuli-ƙuli da sabon zane na jikarta. Aka gaisa, ta sha fura, ta ce a haɗa kayan yarinyar don tana son su kama motar bayan masallaci. Babansu yana zaune a bakin ƙofa yana kallon ƙasa. Matan gidan biyu suna tsakar gida suna wanki, kunnuwansu na wajenmu. Halimatu tana tsaye jikin bango.

Na durƙusa a gaban Inna.

"Inna, ki gahwarce ni. Ina roƙon a bar mani Halimatu. Ina son ɗiyata, ba ni iya rabuwa da ita yanzu."

Wankin ya tsaya. Babansu ya ɗago kai kamar an watsa masa ruwa. Inna ta riƙe haɓa ta yi salati.

"Shafa'atu! Yau ni kike kama ma sunan ɗiyar hwari a gaba? A Gusau ɗin anka koya maki wagga rashin ta-ido?"

"Ba a koya mani ba, Inna. Ranar gona ban kira sunanta ba, ta ɗauka ban neme ta ba. Shi ne ciwon nata."

Inna ta juya ta dubi jikarta, ta daɗe tana dubanta. Halimatu ta baro bangon a hankali, ta zo ta tsaya a bayana, na ji hannunta ya kama gefen zanena. Tsohuwar ta sauke numfashi, ta goge ido da bakin mayafi tana mita a kan 'ya'yan zamani da ba su bar wa kunya wurin zama ba. Sannan ta tura sabon zanen gabanmu.

"To saki zanen uwarki kar ki tuɓe ta gaban mutane. Ba inda za ki. Amma in an yi hutu a kawo mani ita in gani da idona."

Bayan masallaci babansu ya raka Inna tasha, ƙananan suka bi su har bakin titi. Ruwa ya fara sauka, ɗis-ɗis, na fito ina kwashe shanyar matan gida. Halimatu ta biyo ni tana karɓar kayan. Sai na ji muryarta a bayana, ƙasa-ƙasa.

"Ke kaɗai kinka koma?"

"Ni kaɗai."

"Ana harbi?"

"Ana yi."

Ta rungume kayan a ƙirji, ruwa yana sauka a fuskarta, ba ta motsa ba. Na ce ta shiga ciki kada mura ta kama ta.

Ta ce, "Sake hwaɗi."

"In sake hwaɗin mi?"

"Sunan."